Jirgin da Aka Hana Shan Ruwa

Wuro Gude, Mubi
Farkon watan Yuni

Zuwa ga Sajo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ƙarafan da kake ƙonawa a Warri. Mu nan lafiya, sai godiya. Maigidana Abdulmumini yana gaishe ka. Na kira lambarka har yatsana ya gaji, kullum a kashe, sai aka ce min jirgin yashin da kake wa walda yana can cikin surƙuƙin ruwa inda waya ba ta kamawa. Shi ya sa na koma takarda irin ta mutanen da. Mu'azu direban tirelar shanu zai ajiye maka ita a kara, kasuwar shanu, wurin mai shayin da ka taɓa faɗa min. In ta iso tana warin kashin shanu ka yi haƙuri, daidai da kai ne.

Mahaifinka, Kawu Tsoho, yana nan yadda ka bar shi tun shanyewar ɓarin jikin nan. Hannun dama bai dawo ba, harshe bai saki ba, kalma biyu ko uku yake haɗawa ya tsaya. Abin da ya ƙaru shi ne ƙafafunsa sun fara kumbura, kuma likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji. Na faɗa maka ne don kada gobe ka ce 'yar mace ta rufe ka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da muka je Belel ɗauko shi, ya zauna a ƙasa ya ce ba zai shiga mota ba sai da kwale-kwalensa? Tun ranar jirgin nan yake kwance a tsakar gidana shekara da shekaru. Ya cinye min wurin shanya, kajina a ciki suke ƙwai, ƙaurina babu kusurwarsa da bai gaisa da ita ba. Rana ta gasa shi har katakan sun rabu, akwai tsagar da yatsana ke shiga.

Ranar da aka yi ruwan farko Kawu ya sa aka fitar masa da kujera, ya zauna gaban jirgin yana shafa shi da hannun hagu. Can ya dube ni ya ce, "Bana. Mayo." Na ce Kawu, wane mayo kuma? Ya nuna wajen kogin Yadzaram da sandarsa. Na ce ka bari ka ƙara jin sauƙi, baɗi sai a gyara a tsanake. Ya girgiza kai ya ce, "Baɗi babu." Na shiga madafa na yi kukana, na fito na ce to.

Ni man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na sani, ban san jirgi ba. A gari na tashi, kai ne ɗan bakin ruwa, kuma kai ne kake ci da gyaran jirage. Ka kuma san Yadzaram ba kogin Belel ba ne. Damina na ɗaukewa zai koma yashi, yara su buga ƙwallo a kai. In za a yi, cikin watannin nan ne. Ka zo ka gyara wa ubanka jirginsa. In ba za ka zo ba, ka rubuto min yadda ake yi, dalla-dalla.

Taubashiyarka,
Adawiyya

*

Warri
Tsakiyar Yuli

Zuwa ga baiwata Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni da muka fito gari sayen kayan aiki, kuma ba ki yi ƙarya ba, da yatsa biyu mai shayi ya miƙo min ita. Ina lafiya, in ban da zazzaɓin sauro da ya kwantar da ni kwanaki, ya tafi. Ki gaishe min da Abdulmumini, ki ce ina jinjina masa, zama da ke ba ƙaramin aiki ba ne.

Maganar Baba ta tsaya min a rai. Da na zo wurin "baɗi babu" kasa ƙarasa shayin na yi. Ki ce masa da zarar aikin nan ya ƙare zan taho. Yanzu dai ba hali, duk wanda ya sauka kafin a gama wani ake ɗauka a madadinsa.

Batun gyara kuwa, kin tambayi wanda ya dace. Jiragen da nake ɗinkewa sun fi gidanki girma, balle ɗan kwale-kwalen Baba. Ki buɗe kunne. Babbar doka ita ce kada ruwa ya taɓa shi sai an gama, ko ɗigo. A nan duk jirgin da za a gyara sai an ɗaga shi sama ya bushe ƙayau, don danshi ne ke ɓata aiki. Ki sa a ɗora shi kan bulo a lulluɓe da tamfol. In ya bushe, ki je wurin masu gyaran jikin mota ki sayo fotin da suke cike lotsawa da shi, a cusa a kowace tsaga, a goge ya yi sumul. Sannan fenti, a shafa a maimaita. Shuɗi ya fi kyau a ruwa.

In Baba ya yi gardama kada ki biye masa. Kin san halinsa, abin da kakansa ya yi a Yawuri shi kaɗai ne daidai a wurinsa, a kan haka muke saɓawa tun ina saurayi. Zamani ya wuce tsumma da kwalta.

Ɗan namiji, ubangidanki,
Sajo

*

Wuro Gude
Tsakiyar Agusta

Sajo,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin zazzaɓi. Kowa lafiya, ni ce dai bayana ya riƙe, kuma za ka ji dalili. Kawu yana shan magani, kumburin bai sauka ba.

Na yi duk abin da ka ce, ban rage ko ɗaya ba. Wisdom maƙwabcinmu mai a-kori-kura, shi da Abdulmumini suka ɗora jirgin kan bulo. Tamfol ɗin da nake rufe gyaɗata na cire na lulluɓe shi. Duk sanda hadari ya taso, matan unguwa suna gudun kwashe shanya, ni ina gudun rufe katako, har Margret matar Wisdom ta fara tambayata ko jirgin ya yi mura. Fotin nan naka kuwa, warinsa ya hana ni cin abinci, kuma har yau yana cikin faratana.

Shi Kawu tun da na fara yake buga sandarsa a ƙasa yana cewa a'a. Na tuna ka ce kada in biye masa, sai na yi kamar ban ji ba. Daga baya na lura duk sanda ya yi alwala sai ya lallaɓa ya juye sauran ruwan butar cikin jirgin. Ina gogewa yana zubawa, ina gogewa yana zubawa. Ƙarshe na mayar masa da wurin alwala bayan ɗaki. Aka yi fenti, ya fito shuɗi shar, har masu wucewa suna leƙowa. Na ce Kawu ka gani? Ko kallon inda yake bai yi ba.

Makon jiya na tafi Muchalla suna, na kwana biyu. Ina dawowa na tarar da bulo a jere, babu jirgi. Na ɗauka ɓarayi ne, har na fara salati, sai ga Wisdom yana sosa ƙeya. Ya ce, "Maman yara, Baba ne ya ce na kai shi mayo. Na kai. Ya ce na sa dutse a ciki, na sa. Ya ce ƙara, na ƙara. Jirgi ya tafi ƙasa, Baba ya yi dariya." Na ce kai da hankalinka tsoho marar lafiya ya ce ka nutsar da jirgi ka nutsar? Ya ce shi a gidansu ba a yi wa babba gardama.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi rafi. Sajo, da ka ga abin da na gani da ka tausaya min. A wani lungu ƙasan gada inda ruwa ba ya gudu, hancin jirgin kawai ke waje, an ɗaure shi da igiya a saiwar bishiya, cikinsa fal duwatsu. Aikin wata guda, da hannuna, yana kwance ƙarƙashin ruwan laka. Na roƙi masu ɗiban yashi suka shiga suka kwashe duwatsun suka jawo shi, Wisdom ya mayar da shi gida yana ta ƙunƙuni. Na kife shi a rana.

Da Kawu ya gan shi ya dawo, sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Bar shi. Ya sha. Ya sha." Na ce Kawu, jirgi ai ba saniya ba ne da za a kai shi shan ruwa. Ya dube ni wani irin kallo, ya juya fuskarsa bango.

Ina tsoron ciwon ya fara taɓa kansa. Mutumin da ya ƙi barin Belel saboda jirgin nan, yau shi ne yake nutsar da shi da kansa. Ka gaya min abin da zan yi, kuma ka yi sauri.

Adawiyya

*

Wuro Gude
Farkon Satumba

Sajo,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko akwai mai amsawa ba. Kullum sai na aika tike, inda ake lodin shanu, a duba ko Mu'azu ya dawo, shiru. In hannunka ne ya ƙone ka sa wani ya rubuta.

Sun sake. Na je kasuwa kai mai, kafin in dawo jirgi ya koma ƙasan gada da duwatsunsa. Wannan karon Wisdom bai ma ɓuya ba. Ya ce, "Baba ya riƙe hannuna yana hawaye, ni ba zan iya ba. Ki yi faɗa, na yarda." Na yi faɗan kuwa, har Margret ta daina gaishe ni. Na sake kiran masu yashi, yanzu da sun hango ni dariya suke fara yi. Da aka fito da shi na ga fotin ya fara ɓallewa a wurare, na sayo wani na sake cikewa. Sannan na samo sarƙa da kwaɗo na ɗaure jirgin a jikin dalbejiyar tsakar gida, makullin yana ƙuguna.

Na yi nasara, in nasara ce. Kawu ya daina fitowa. Kujerarsa tana nan a gaban jirgin, ba ya zama. In na kai masa kunu sai ya rufe ido, sai in Margret ce ta kawo yake kurɓa kaɗan. Tun ranar da na sa kwaɗon nan bai ce min uffan ba. Ni da nake wanke shi, nake juya shi, nake tashi in ya yi tari, ni ce yau abokiyar gabarsa. Abin yana min ciwo, Sajo, ba zan ɓoye maka ba. Abdulmumini ya ce in ba shi jirginsa ya yi yadda ya ga dama, na ce in ya lalace a ruwa me zan ce wa ɗansa da ya jaddada min ko ɗigo?

Ruwan sama ya fara ja da baya. Jiya na ga yashi ya ɓullo a tsakiyar Yadzaram. Jira nake ka ce an gama a kai shi, ko akwai sauran wani abu.

Adawiyya

*

Warri
Ƙarshen Agusta

Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Yanzu na karanta takardarki ta zuwa Muchalla, a tsaye nake rubuta wannan don Mu'azu yana shirin juyawa.

Ki mayar da jirgin nan ruwa. Kan Baba ƙalau yake, nawa ne ya yi tsatsa. Ina karanta maganar duwatsu sai na ga kaina a Belel ina ɗan yaro. Duk shekara in jirgin ya daɗe a tudu, kafin a fara kamun kifi, haka muke yi. Mu cika shi da duwatsu mu nutsar da shi a inda ruwa ya kwanta, ya yi kamar mako guda. Katako in ya bushe tsukewa yake yi, shi ya sa tsaga ke buɗewa. In ya sha ruwa sai ya kumbura, katakan su matse juna, yoyo ya tsaya da kansa. Ni nake nutso in kwaso duwatsun, kuma ba aikin da na tsana kamarsa, wataƙila shi ya sa na manta. Na daɗe cikin ƙarfe, shi ƙarfe ruwa ne ke cinsa, sai na ba ki dokar ƙarfe a kan katako.

Fotin nan ma ki cire shi duka. Ba ya motsi, in katako ya kumbura ko ya tofar da shi ko ya tsage. Inda tsagar ta yi faɗi, Baba zai nuna miki yadda ake cusa auduga da kwalta. Ki bi abin da ya ce.

Na san abin da za ki kira ni, na karɓa tun daga nan. Amma ke ma, Adawiyya, masunci tun kakanni ya ce ki bar jirgi ya sha, ba ki tsaya kin yi tunani ba? Allah ya sa dai ba ki sake taɓa shi ba. Ki ba Baba haƙuri a madadina.

Sajo

*

Wuro Gude
Tsakiyar Oktoba

Sajo,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Kumburin Kawu ya haura gwiwa, numfashinsa yana yin sama in ya kwanta, amma yana cin abinci, kuma daga hannuna.

Takardarka ta ƙarshen Agusta sai ƙarshen Satumba ta iso. Tirelar Mu'azu ce ta lalace a hanya, suka yi makonni suna jiran kayan gyara, takardar tana aljihunsa. A gindin dalbejiya na karanta ta, ga sarƙa ga kwaɗo a gabana. Sunan da na kira ka ba zai rubutu ba, Margret dai ta ji daga gidansu. Wai ban tsaya na yi tunani ba. Wane ne ya ce ko ɗigo? Wane ne ya ce kada in biye masa? Ka bari sai mun haɗu.

Na shiga ɗakin Kawu na durƙusa, na kwance makullin daga ƙugu na ajiye a tafin hannunsa. Na ce Kawu na yi kuskure, ɗanka ma ya ce a ba ka haƙuri. Ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro 'yar wuƙarsa ta gyaran komar kifi ya miƙo min. Da ita na ƙwaƙule fotinka, tsaga bayan tsaga, abin da na cusa har sau biyu. Aka fitar masa da kujera. In na cusa auduga ta yi yawa ya buga sanda, in ta yi kaɗan ya buga sanda. Ban taɓa jin daɗin bugun sandar nan ba sai ranar.

Muka kai jirgin rafi. Lungun da suka nutsar da shi a da ya zama yashi. Gurbi ɗaya ya rage mai zurfi, gindin dutsen da mata ke wanki. Wisdom ya ce zai kwaso duwatsu, na ce ya bari. Na ɗaure zani na shiga, ni na jera su da hannuna har jirgin ya nutse. Masu yashi suka tsaya da shebur suna kallo. Ɗaya ya ce, "Hajiya, yaushe za mu zo fitarwa?" Na ce duk wanda ya taɓa shi sai na karya masa hannu.

Daga nan kullum da safe sai na je na duba. Ruwa yana ja, ina kallo, har gefen jirgin ya fara leƙowa. Na ce Kawu a fito da shi kada ruwan ya gudu. Ya ce, "Saura." Haka na riƙa dawowa ina cizon yatsa, ina lissafin kwanakin da na ɓata da kwaɗona. Ranar Asabar da ta wuce ya ce, "Yau."

Muka kwashe duwatsu, muka kwarfe ruwan da ƙwarya, jirgi ya taso. Fentin duk ya yi dabbare-dabbare, ba kyan gani, amma na shafa cikinsa ban sami inda yatsa zai shiga ba. Muka jira, bai yi yoyo ba sai ɗan tsattsafi ta baya. Abdulmumini da Wisdom suka ɗauko Kawu daga mota suka zaunar da shi a tsakiya, aka tokare shi da matashi. Sai aka tsaya kallon juna, don duk cikinmu ba wanda ya taɓa riƙe filafili. Su biyun suka ce nauyinsu ya yi yawa. Ni dai aka bari.

Gurbin nan bai fi tsakar gidana ba, kana tuƙi kaɗan ka kai ƙarshe. Ina sa filafili jirgin ya hau juyawa a wuri ɗaya, mata masu wanki suna ta shewa. Kawu ya saki hannun hagu cikin ruwa, ya lumshe ido, ruwan yana bi ta tsakanin yatsunsa. Can sai na ji ya yi magana, maganar da ta fi kowace tsawo tun da ya kwanta. Ya ce, "Hagu, Sajo. Ja hagu. Kullum sai na faɗa maka."

Na waiwaya in ga ko ka zo ne ban sani ba. Babu kowa a jirgin sai ni da shi. Na ce, "To, Baba." Na ja hagu, jirgin ya miƙe.

Mun bar shi a gurbin, ɗaure a dutsen. Duk yamma Wisdom yana kai mu, kuma duk yamma sunanka Kawu yake kira. Masu yashi sun ce ruwan zai iya kai ƙarshen wata in ba a yi zafi sosai ba. Na share masa jirgi, na cusa, na ƙwaƙule, na tsamo, na nutsar, duk na yi ban kai ka ƙara wurin kowa ba. Amma amsa sunan wani ya ishe ni. In za su ɗauki wani a madadinka a Warri su ɗauka, ni ma an ɗauke ni a madadinka a nan, kuma ban iya ba. Na ce wa Mu'azu kada ya karɓo min takarda. Ya bar maka wuri a gaban mota.

Adawiyya